Babin da na cire

Na bar sashenmu na jami'a ban yi wa Dakta, malamin da ke duba bincikena, sallama ba. Waɗanda muka yi karatu tare a Khartum sun san dalili.

Bincikena a kan mawaƙan "daji da hamada" ne, samarin nan na shekarun 1960 irin su Muhammad al-Makki Ibrahim da al-Nur Usman Abbakar da Muhammad Abdul-Hayy. A wajensu hamada ita ce Larabawa, daji shi ne baƙar fata, Sudan kuwa 'yar da suka haifa. Abdul-Hayy ya ɗauki Sinnar, daular da ta kafu a 1504 ta faɗi a 1821, ya mai da ita gidan da aka ɗaura wannan aure. To ni a Maiurno aka binne cibiyata, tsakaninmu da Sinnar ba nisa. Shi ya sa na ƙara babi na huɗu a kan waƙoƙin niƙa na kakata da na masuntanmu. A cikinsu kogin Nilu "gulbi" ne kawai. Kakanninmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 sun tarar da itatuwan gida a nan, waɗanda Larabawa ke ce wa haraz da tabaldi, suka ci gaba da kiransu gawo da kuka, suna yi musu kirari kamar ba su baro Sakkwato ba. Ƙasa ɗaya, itace ɗaya, kowa da gidan da yake hangowa a inuwarsa.

Dakta ya buɗe shafi biyu, ya kurɓi shayi, ya turo mini takardun. "Yaro, wannan adabin Fallata ne, mu na Sudan muke yi." Fallata shi ne sunan da suke kiranmu, mu 'yan asalin Afirka ta Yamma. Na ce, "To, Dakta." A daren na cire babin, shafuka 40.

Ranar kare kundi, dattijon da aka gayyato daga waje ya tambaye ni garinmu. Da na faɗa sai ya sauke tabarau: "Ɗana, tsakanin dajin da hamadar, ina ka ajiye mutanenka?" Dakta yana gefe yana gyaɗa kai, sai ka rantse ya daɗe yana faɗa mini haka. Ko uffan ban ce ba.

Laifin nawa ne, ban musa ba. Ladabi daban, miƙa wuya daban. Na kuma koyi neman gyaran malami a rubuce, da ajiye kwafin duk abin da aka ce in goge.

Babin yana nan cikin akwati, tare da muryar kakata. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 dajin ya tafi da tutarsa, gawon ƙofar gidanmu kuwa bai je ko'ina ba.