Asabar: "Je ki can ki tambaya"

Ƙafafuna zugi suke yi, wanka ma da ƙyar na yi, amma gara in rubuta abin nan tun da zafinsa. In na bari sai gobe zan fara yi wa mutane uzuri, ni kuwa ban shirya yin uzurin ba tukuna.

Asabar dama ranar cinkoso ce a babban kantin da muke aiki. Ginin hawa biyu ne, ƙofofi huɗu in an haɗa da ta sauke kaya, ni kuma ina teburin karɓar baƙi, inda ake cigiyar mukulli da waya da jakar da aka manta. Tun safe babu wani abin kirki. Wani ya zo neman tabarau alhali yana saman kansa, wata ta yi faɗa a kan rasit. Shi ke nan.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna wata mata ta iso gabana, jariri a kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya. Bakinta na motsi, magana ta ƙi fita. Da ƙyar ta ce, "'Yata. Ban ga 'yata ba."

Na ce, "Hajiya, kalle ni. Shekarunta nawa?" Uku da rabi. Riga ruwan ɗorawa mai hoton malam-buɗe-littafi, wando fari. Na tambayi takalmi, ta yi mini wani kallo kamar ina ɓata mata lokaci, sannan ta ce ja ne, mai maɗauri. Takalmin nan yana da dalili. Wanda ya yi niyyar fita da yaro zai iya kifa masa hula ko ya yafa masa riga cikin daƙiƙa biyu, amma da wuya ya tsuguna canza takalmi a tsakiyar jama'a. Na karɓi wayarta na ɗauki hoton yarinyar da tawa, na tura wa masu gadi.

Tambayar ƙarshe ce ta sa cikina ya ɗuri ruwa. Na ce tun yaushe? Ta ce an fi minti goma.

Ashe ba ni ce ta farko da ta gaya wa ba. Yaron da ke jera kaya a kanta ta fara tara, ya ce ta tambayi kashiya. Kashiya ta ce ta sauka ƙasa wurin teburin baƙi. A bakin matattakala ta tarar da maigadi da oba-oba a ƙugu, shi ma ya nuna mata hanya da yatsa. Mutum uku, duk da rigar aiki, kowa ya miƙa ta gaba. Ita kuwa tana ratsa gini da jariri, tana ƙara nisa da inda ta bar 'yarta, ƙofofi huɗu a buɗe, mutane na fita da shiga.

Na danna oba-oba na ba da kwatance, na ce kowane maigadi ya tsaya a ƙofarsa, duk wanda zai fita da ƙaramar yarinya a dakatar da shi cikin ladabi. Na maimaita a lasifika: shekaru, riga, wando, jan takalmi. Sunanta ban faɗa ba, uwar har ta ji haushi. Na ce mata, "Hajiya, yaro ƙarami duk wanda ya kira sunansa ɗauka yake ya san shi. Kada mu raba wa gini guda sunan." Ma'aikata kawai na gaya wa, a kunne.

So take ta ruga sama. Na riƙe ta, na haɗa ta da maigadin babbar ƙofa, don ita kaɗai ce za ta gane fuskar ko an canza kaya. Na tura wata abokiyar aikina ta tsaya daidai inda aka rabu, ko yarinyar za ta dawo da kanta.

Ni da kaina wurin ruwa na fara nufa. Akwai ɗan tafkin ado a tsakiyar ginin, zurfinsa bai kai gwiwa ba, kuma kullum sai na ji wani ya ce ai wannan ba ya cin mutum. Yana ci. Ƙaramin yaro in ya kifa da fuska, ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba ya ishe shi, ba ihu, ba fantsama, kuma mintuna kaɗan ƙwaƙwalwa ke jurewa ba iska. Shi ya sa ake fara duba wurin da zai iya kisa kafin wurin da aka fi zato: ruwa, matattakala mai tafiya da kanta, lif, wurin ajiye motoci. Babu ita a ko ɗaya. Daga nan aka bazu banɗakuna, ɗakunan gwada kaya, bayan firji, sito.

Ana cikin haka manaja ya sauko, fuska a ɗaure tamau. Layi ya fara taruwa a ƙofa, wani mutum na ta faɗa don an tsayar da shi da 'yarsa. Ya ce, "Wa ya ba da izinin tare ƙofa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a rufe ba, dubawa ake yi." Ya ce yara kullum ɓacewa suke, kullum kuma ana ganinsu. Gaskiya ya faɗa, mafi yawansu ba sa wuce bayan kanta ta gaba. Sai dai a minti na farko babu mai iya bambance wanda ke bayan kanta da wanda aka riƙe wa hannu ana nufar mota da shi. Ban tsaya musu ba, lambar 'yan sanda na riga na fito da ita a waya, babban yatsana a kai.

Sai muka ji kira daga sama. Ba ta oba-oba ba, da baki. Iya mai goge-goge ce, dattijuwar da ta girmi kowa a ginin, take ƙwala kiran sunana daga kan baranda.

A sashen labule ta same ta. Samari biyu sun riga sun bi layin nan suna kiran sunan yarinyar, ba su ga komai ba, don a tsaye suka duba. Iya kuwa da ta zo sai ta ajiye tsinken gogewarta ta durƙusa, ta kwantar da kai tana leƙen ƙasan labulayen da aka rataye, ɗaya bayan ɗaya. A na kusa da bango ta hango jan takalmi guda biyu a haɗe.

Da na hau na tarar Iya zaune dirshan a ƙasa, ba ta taɓa ta ba, ba ta ma ɗaga labulen duka ba. Hira take yi mata a hankali, wai ita ma ta gaji, bari ta huta a nan kusa da ita. Yarinyar ta takure, gwiwa a ƙirji, ta jiƙa wandonta, ta dunƙule wata 'yar takardar farashi a hannu har ta yi laushi da gumi. Maɗaurin takalmi ɗaya ya kwance. Ta ji duk kiran da ake yi. Muryoyin da ba ta sani ba ne, da ƙarfi, daga ko'ina, sai ta ƙara shigewa ciki ta yi tsit. Yara masu irin shekarunta haka suke yi in sun firgita, ɓuya suke, balle an sha gaya musu kada su kula baƙo. Mai nema da ke jiran a amsa masa zai wuce su sau uku.

Kafin uwar ta hau, wani mutum ya riga ta, yana haki, ya miƙa hannu zai ɗauke ta. Ya ce shi kawunta ne, waya aka yi masa yana wurin mota. Na shiga tsakani. Na ce, "Alhaji, yi haƙuri, sai mahaifiyarta ta zo." Ya ce ni wace ce da zan hana shi 'yar ƙanwarsa. Na ce ni ba kowa ba ce, amma wadda ta kawo cigiya ita za a miƙa wa. Kawun nata ne kuwa da gaske, kuma har suka tafi bai kalle ni ba. Ban damu ba. Gobe ma haka zan yi.

Uwar na zuwa ta fizgo ta, ta rungume, sai kuma ta ɗaga hannu. Iya ta riƙe hannun. Ta ce, "Haba 'yata. In kin dake ta yau, ran da ta sake ɓata ko ke kika kira ba za ta fito ba." Matar ta sauke hannu ta fashe da kuka, jaririn ma ya kama, kowa ya rasa inda zai sa idonsa.

Daga lokacin da na danna oba-oba zuwa kiran Iya minti takwas ne. Ƙa'idar da aka koya mana ta ce in an yi minti goma ana nema ba a gani ba, a kira 'yan sanda. A takarda ke nan mun yi nasara. Amma goman nan daga ina ake fara ƙirga ta? In daga lokacin da uwa ta fara buɗe baki ta gaya wa mai rigar aiki ne, mun kusa ninka ta.

Bayan an lafa na shiga ɗakin kyamara muka mayar da hoton baya. Na so ban kalla ba. Yarinyar ta sauko ƙasa ita kaɗai, tana riƙe ƙarfen matattakala da hannu biyu. Ta zo har taku kaɗan da ƙofar gefe, ta tsaya tana kallon waje. Maigadin wurin ya dube ta, ya mayar da kai kan wayarsa. Mutane sun fi goma sun kauce mata sun wuce. Ita da kanta ta juya ta koma sama. Babu wanda ya mayar da ita.

Tsarin nan da muke bi, na kwatance da tsare ƙofa da minti goma, a Amurka Code Adam ake ce masa, kuma sunan yaro ne. Adam Walsh, ɗan shekara shida. Ranar 27 ga Yuli 1981 mahaifiyarsa ta bar shi yana kallon wasu manyan yara suna wasan bidiyo a kantin Sears na garin Hollywood a jihar Florida, ta matsa 'yan layuka kaɗan duba fitila. Rigima ta kaure tsakanin yaran, mai gadin kantin, ita ma shekarunta 17 kacal, ta kore su waje. Ana kyautata zaton har da Adam a cikin waɗanda aka kora, don an ɗauka tare suke, shi kuma bai iya cewa uwarsa na ciki ba. Bayan mako biyu aka tabbatar an kashe shi. Sai a 1994 kantunan Walmart suka fito da tsarin da sunansa, a 2003 kuma majalisar ƙasar ta wajabta irinsa a gine-ginen gwamnatin tarayya. Ran da aka ba mu labarin a wurin horo, mai gadin nan ce ta tsaya mini a rai. Ba muguwa ba ce. Aikinta ta ga tana yi, ta kashe rigima. Tambaya ɗaya ce ba ta yi ba: kai, da wa ka zo?

Na Ingila ya fi wannan ciwo. James Bulger, ɗan shekara biyu, a watan Fabrairu 1993, a wata cibiyar kasuwanci a Bootle kusa da Liverpool. Uwarsa na biyan kuɗi a shagon nama ta saki hannunsa na ɗan lokaci. Yara biyu 'yan shekara goma suka ja shi, suka yi tafiyar kusan kilomita huɗu da shi, mutum 38 suka gan su a hanya. Kyamara ta ɗauki fitarsu sarai, hoton ya zaga duniya, amma sai bayan an gama komai aka kalla. Tamu ma yau haka ta yi, ta ajiye mana abin da za mu kalla daga baya.

Kashiyar na samu a ɗakin canza kaya, idonta ya yi ja. Wata uku ke nan da ɗaukarta. Ta ce, "Anti, wallahi ba wanda ya taɓa gaya mini. Cewa aka yi kada in bar injin kuɗi ko me ya faru, in lissafi bai cika ba daga albashina za a cire." Da niyyar faɗa na shiga, sai na rasa ta inda zan fara. An koya mata tsare kuɗi dalla-dalla, har da sa hannu a takarda. Abin da za ta yi in uwa ta ce ba ta ga ɗanta ba, ko jimla ɗaya ba a gaya mata ba. Horon da ni na samu, mu 'yan teburi da shugabannin masu gadi kawai aka kira, alhali uwar da hankalinta ya tashi ba teburi take nema ba, rigar aikin da ta fi kusa da ita take kamawa. Na ce mata ba sai ta bar injin ba. Ta riƙe matar a gabanta, ta ɗaga murya ta faɗi kayan yarinyar, ta sa na kusa da ita ya kira mu. Mu za mu zo. Maigadin matattakala kuwa ba shi da wannan uzurin, oba-oba na rataye a ƙugunsa.

A littafin rahoto manaja ya so in rubuta layi ɗaya, an samu yarinya cikin ƙoshin lafiya. Na rubuta hakan, na kuma ƙara lokutan duka, da mutum ukun da aka bi kafin a zo gare ni, ba suna, sai wurin aikin kowa. Na sa buƙata biyu a ƙasa: a tara kowa da kowa, har masu shara da masu jera kaya, a yi musu bayanin minti goma sha biyar kafin a buɗe ƙofa, sannan a ba masu goge-goge oba-oba ko guda ɗaya a kowane hawa. Ya karanta, ya ce bayanin ba matsala, ranar Litinin. Oba-oba kuma sai ya duba kasafi.

Na gaya wa Iya a bakin ƙofa muna fita. Ta yi dariya ta ce ya bar kuɗinsa, muryarta ba ta cin batir.