Bangon Akoko da Sulken Igiya: Aikin Bayan Fage a Bikin Shekisfiya

Sana'armu haɗa dandamali ce da ba da hayar tufafin wasan kwaikwayo, wato kafinta da tela da mai fenti a rumfa ɗaya. Mai irin wannan aiki da ke son ya ga iyakar abin da kaya kaɗan za su iya yi, ya dubi bikin da ake yi wa Shekisfiya, shahararren marubucin wasan kwaikwayo, a garinsu, Stratford ta Ingila, a farkon ƙarni na 20. An buɗe gidan wasan tunawa da shi ranar 23 ga Afrilu, 1879, a filin da wani attajirin garin, Charles Flower, ya bayar. Daga 1886 har zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙungiyar ɗan wasa Frank Benson ce ke riƙe da bikin kusan kowace shekara, kuma a 1910 aka ƙara zango na biyu a tsakiyar shekara.

Wahalar bikin ita ce kusan kowane dare da wasansa daban. Yau Rum ta zamanin Kaisar, gobe fadar wani sarkin Ingila, jibi daji. 'Yan kallo na yaba 'yan wasa, amma masu ɗaukar nauyin wannan sauyi su ne waɗanda ba a gani. Ba yadda za a yi a ƙera wa kowane wasa kayansa, don haka ginshiƙi ɗaya da matakala ɗaya za su yi hidimar wasa biyar. A juya bango, a sauya labulen baya, gari ya zama wani gari.

Bangon kansa ba bango ba ne. Firam ne na katako mara nauyi, mai faɗin inci 3 da kaurin inci 1, a sa masa katakon gicciye a tsakiya, a ƙarfafa kusurwoyi, sannan a lulluɓe shi da yadi mai kauri. Mu nan akoko muke sawa. Kuskuren sabon hannu shi ne ya ja yadin ya yi tsam kafin ya buga ƙusa. Yadi na tsukewa da zarar ya sha ruwan shafen farko, kuma in ba a bar masa ɗan sako-sako ba, shi zai murɗe firam ɗin, bangon ya ƙi tsayawa daidai da ɗan'uwansa. Faɗin kowane bango kuwa ba son ran kafinta ba ne. Ƙungiyoyin wancan zamani a jirgin ƙasa suke yawo, galibi ranar Lahadi, kuma abin da bai shiga ƙofar tarago ba ya zama kayan baya. Mu ma kafin a yanka katako sai an auna bayan motar da za ta ɗauka da ƙofar ɗakin taron.

Fentin nan ne sana'ar take. Ba fentin mai suke amfani da shi ba, don yana ƙyalli a gaban fitila, yana da nauyi, kuma wuta na sonsa. Gam ne na fatar dabba ake narkawa a ruwan zafi ba tare da an bar shi ya tafasa ba, a dama garin alli a ciki a yi shafen farko, sannan a kwaɓa garin launi da ruwan gam ɗin a yi zane. Ma'aunin yana tsakanin ɗan yatsa da babban yatsa: ka taɓa ruwan, ka haɗa su, ka raba, in ka ji ɗan danƙo kaɗan, ya yi. Gam ya yi yawa, fenti ya tsage ya riƙa ɓarewa. Ya yi kaɗan, launi ya koma gari, ɗan wasa ya jingina da bango ya tashi da fentin a bayan rigarsa. Ga shi kuma launin yana yin haske sosai in ya bushe, shi ya sa ake gwada shi a ƙyalle a shanya kafin a taɓa babban labule. Ruwan gam ba ya jure ajiya, kwana kaɗan ya fara wari, a zafinmu ma ya fi saurin lalacewa, don haka na yini ake kwaɓawa. Da hunturu kuma a rage ƙarfinsa, saboda bushewar iska na ƙara tsaga shi.

Labulen baya naɗe shi ake yi a jikin sanda, ba a ninkewa, don duk inda ya karye layin zai fito fari a idon mai kallo. Igiyoyi uku ke ɗaga shi, hagu da tsakiya da dama, kuma igiyar zaren tsiro na gajarta da danshi ta saki da rani, sai an sake daidaita su kafin kowane wasa, in ba haka ba a ga sararin sama ya karkace.

Tufafi na tafiya ne cikin manyan kwanduna, kowane wasa da nasa, da takardar lissafi a murfi. Abin da ƙungiya ba ta da shi sai ta yi haya a Landan, wurin gidaje irin su Nathan da Simmons, hular gashi kuma wurin Willy Clarkson. Sulken mayaƙa igiya ce ake saƙawa, a rina ta baƙa, a goga mata garin azurfa a sama-sama. Daga kujerar mai kallo ba ka raba shi da ƙarfe, kuma ɗan wasa na iya gudu da shi. Har wa yau haka muke yi wa wasannin makaranta masu dakaru. Wani abin dariya: a 1916, wajen bikin cika shekara 300 da rasuwar Shekisfiya a gidan wasan Drury Lane na Landan, Sarki George na Biyar ya naɗa Benson sarautar Sir yana sanye da kayan Kaisar, kuma sai da aka je aka aro takobin da aka yi naɗin da shi.

Babban abokin gaba wuta ce, tunda katako busasshe da yadi da igiya ne duk dukiyar. A 1887 gobarar gidan wasa a garin Exeter na Ingila ta ci mutum 186. A 1899 Benson kansa ya yi asarar kayansa a gobarar gidan wasan Newcastle. Maganin da masu sana'a suka gada shi ne rabin kilo na sinadarin boraks da rabin kilo na gishirin amoniya a ruwa lita 3, a shafe bayan yadi har ya jiƙe. Ba ya hana yadi ƙonewa, yana hana shi ɗaukar harshen wuta ne kawai, kuma wanki na fitar da shi. A gwada ƙyalle da ashana. In ya ci gaba da ci bayan an janye ta, a sake shafawa.

William Bridges-Adams, wanda ya karɓi bikin a 1919, shi ke tsara dandamalinsa da kansa, ya dogara da labulen tsakiya: ana wasa a gaba, ma'aikata na sauya kaya a baya, ba dogon jira, ba kuma sai an datse rubutun wasan ba. A ganina wannan dabarar ta fi kowace na'ura amfani ga ƙaramin kamfani. Ranar 6 ga Maris, 1926, gidan Stratford ya ƙone, bikin ya koma gidan sinimar garin, ƙaramin dandamali mara zurfi, aka yi shekara shida a can ana taimaka wa ginin sabo da kuɗi, musamman daga Amurka. Sabon gidan da Elisabeth Scott ta zana an buɗe shi a 1932, sai 'yan wasa suka yi ta kukan an nisanta su da jama'a. Ga tela da mai fenti wannan na nufin ƙananan ado sun ɓace: sai a faɗaɗa aikin wuyan riga, a kaurara layin zane, a kuma duba kowane kaya daga kujerar ƙarshe kafin a ce ya yi.