Zobban duwatsu 63 da Baba maigadi

A wani ofishin safiyo nake aiki a Ikeja, ina zana taswirar filaye a kwamfuta. In an tashi nakan tsaya in taɓa kundin digirina na biyu, wanda nake yi a kan wani kufai da ke bisa duwatsun Mandara, can arewacin Adamawa. Kada a ɗauka ƙwazo ne ke zaunar da ni. Duk wanda ya fito ƙarfe 5 ya nufi Agege, a cikin danfo magariba za ta same shi, ga shi kuma ofis akwai janareta.

Sau ɗaya na taka kufan nan da ƙafata, kwana 9 da rani. Na dawo Legas da awo cike da littafi da hotunan da muka ɗauka ta sama da ɗan jirgi marar matuƙi. Abin da ya rage a wurin zobba ne na duwatsu, an jera su ba laka ba siminti, wasu sun kai gwiwa, wasu sun kusa nutsewa cikin ciyawa. Ga tsingaro ko'ina, ga dutsen niƙa da tsakiyarsa ta lotsa don shan aiki, ga kashin maƙera baƙi ƙirin a gefen kwari. Na ƙirga zobba 63, kowanne na sa masa lamba na rubuta "ɗaki". Na ba kowane ɗaki mutum 3, lissafi ya ba ni mutum 189. Har na fara jin kaina.

Wani dare Baba maigadi ya hawo ya gaya mini zai kashe inji. Mutumin wajen Madagali ne, tun zamanin Shagari yake Ikko, Hausarsa har da ɗan gishirin Yarabanci. Ya tsaya a bayana da tocilan a hannu, ya yi shiru yana kallon hoton.

"Ɗana, garin su wa ka sa a talabijin?"

Na yi masa bayani irin na 'yan boko, har da yawan mutanen da na gano. Ya matso, ya ɗora yatsa a kan wani ƙaramin zobe.

"Wannan ma ɗaki ne?"

"Eh, Baba."

"To, sai dai in kaza ce mai ɗakin."

Na duba littafina, faɗinsa mita 1 da 'yan kai. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Ya ce gindin rumbu ne: ana dasa duwatsu a ɗora rumbun a kai don kada danshi da gara su kai ga dawa. Kuma gida ɗaya ba rumbu ɗaya ba ne, maigida na da nasa, kowace mace na da nata, ga na wake, ga na gyaɗa. Ya wuce zuwa wani zobe mai zurfi wanda ni na rubuta cewa daɓensa ne ya rufta. Ya yi dariya har da tari. Ɗakin sa ne, wato bijimi, in ji shi. Tun yana maraƙi ake zura shi ciki, ana miƙa masa ciyawa da ruwa ta wata kafa, ba ya ganin daji, sai ya yi ƙiba a fito da shi ranar biki. Wani fili mai sulɓi da aka kewaye da duwatsu gajeru, wanda na kira dandalin taro, ashe masussuka ce.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ni ba ma rimi na hau ba, jirgi na aika sama.

Abin da ya fi ba ni kunya, duk wannan na karanta shi. Sukur, wadda ke ƙaramar hukumar Madagali, ita ce wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya, a 1999, kuma bayanin da aka yi a kanta ya ambaci rumbuna da masussukai da ramukan turke shanu ƙarara. Na kwafi wannan a babi na 2 na kundina, sannan na zo babi na 4 na mai da kowane zobe ɗakin kwana, saboda ni a raina zagayayyen gini ɗaki ne, kamar na kakata a ƙauye. Na haddace kalmomin, idona bai koyi komai ba.

Mun yi dare 4 muna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, ni da shayi, shi da goro. Ya nuna mini yadda ake gane gida: ka fara neman katangar da ta kewaye, sannan ka ga abin da ke cikinta, ɗakin maigida kusa da mashiga, na mata da madafa daga ciki. Inda murhu yake, duwatsu uku na nan ko toka ta nuna. Wani giɓi da na zana a matsayin ƙofa ya ce ba ƙofa ba ce, waɗanda suka sauka ƙasa ne suka kwashi duwatsun suka yi sabon gini, don ba mai barin dutse mai kyau a kufai. Da muka gama, ɗakunan kwana 19 suka rage. Mutanena 189 suka watse.

Sai maganar dalilin hawa dutse. Na rubuta cewa tsoron hari ne ya kai su can, na rufe babi. Ba ƙarya ba ce. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar littafin da aka riƙa rubuta masa al'amuransa daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawan Ingila suka tuɓe shi, kuma hare-haren kama bayi da ya kai wa mutanen dutse suna ciki. Baba ya ce kakarsa ko sunan ba ta son ji. Amma ya ja ni zuwa gangaren dutsen a hoto, inda gonaki suka hau bisa juna kamar matakala, kowace an tokare ta da jeren duwatsu don ruwan sama kada ya tafi da ƙasa.

"Wanda ya zo ɓuya na kwana biyu zai yi wannan?"

Ba zai yi ba. Aikin kaka da jika ne, kowace shekara sai an gyara inda damina ta ture. Mutanen Sukur ma ba a laɓe suke ba: suna tara baƙin yashin tama a rafuka, su narka, ƙarfensu na tafiya har Borno, kuma sun shimfiɗa hanyoyin dutse har zuwa gidan Hidi, sarkinsu. Na ɗauki wurin a matsayin mafaka saboda ni ɗan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne mai ganin dutse wahala. Su gida ne a wurinsu.

Ran wata Asabar na shiga gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, na daɗe gaban kawunan Nok, wato mutum-mutumin yumɓu na mutanen da. Kyau kam ba magana. Sai dai na farkonsu a 1928 masu haƙar kuza ne suka tono shi, kuma abin da aka ciro haka ya rabu da maƙwabtansa, ba ka san me ke gefensa ba. Gindin rumbu ba wanda zai sa shi a gilashi, amma yana nan inda mai shi ya dasa shi, taku kaɗan daga murhun matarsa.

Na sake zana taswirar, rumbu da launinsa, turke da nasa. Malamina ya ce in sa Baba cikin waɗanda na samo bayani daga bakinsu, da ranar hira da wurin da aka yi ta. Da na gaya masa sai ya ce shi ba ruwansa da shiga littafi, in dai buga masa hoton mai ramin sa a takarda babba. Yana nan manne a ɗakin gadi, saman rediyonsa, kuma direbobin ofis duk ya gaya musu gidan kakansa ne, alhali tsakanin kufan da ƙauyensu tafiyar yini guda ce.