Furannin dutse a maƙabartar Eyup

Daga Eminonu na hau ƙaramin jirgin ruwa, muka bi mashigin Halic har unguwar Eyup ta birnin Istanbul, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake. Sultan Muhammad al-Fatih ne ya gina masallaci a wurin a 1458, ginin da ake gani yanzu kuwa na 1800 ne. Cunkoson masu ziyara bai bar ni na daɗe a ciki ba, sai na kama hanyar da ta haura tudu ta tsakiyar maƙabarta.

Duwatsun kaburburan a tsaye suke, farare, wasu sun karkace don tsufa. Na maza an sassaƙa musu rawani a ka, na baya-bayan nan kuma hular dara. Na mata kuwa fure ne zalla. Wani dattijo na zaune yana kankare gansakuka daga jikin wani dutse, na yi masa sallama da 'yar Larabcin da muka haɗu a kai, na ce, "Baba, wannan ado ne kawai?" Ya girgiza kai, ya ɗora yatsa kan wardin da ke jiki, ya yi salati. A wajen Turkawa wardi alamar Annabi ne (SAW), shi ya sa ake yayyafa wa mutane ruwan wardi a taron maulidi. Furen lale kuma, wato tulip, kara ɗaya ne da fure ɗaya, sai suka ɗauke shi alamar tauhidi; haruffansa a rubutun Larabci su ne na sunan Allah, lissafinsu a hisabin abjadi 66. Can gaba ya nuna mini wani wardi da bai buɗe ba, an sassaƙa shi da karyayyen reshe. Budurwa ce, in ji shi. Allah Ya jiƙanta.

Da la'asar na koma Eminonu, na sha wuya kafin na gano matakalar masallacin waziri Rustem Pasha a tsakanin shaguna. Aikin magini Sinan ne, kuma tayil ɗin garin Iznik ya lulluɓe bangonsa da lale shuɗi da ja. Ya fi na maƙabarta kyau, ba musu. Amma kuɗin waziri ne, kuma furannin a jere suke suna ta maimaituwa. Masassaƙin Eyup kuwa sai ya ji wace ce ta rasu kafin ya ɗauki guduma.