Asabar, ni da Haiku

Yau ko shago ban leƙa ba. Tun bayan sallar asuba nake gaban tsohuwar laftof ɗin nan da na saka wa Haiku, wani tsarin sarrafa kwamfuta kamar Linux ko Windows, beta5 ɗin da suka fitar a Satumbar 2024. Ina son tsarin nan wallahi, kafin ka gyara zama ya gama kunnuwa, to amma ƙaramar manhajar da nake sauke fayiloli da ita a Linux babu ita a HaikuDepot, wato rumbun manhajojin Haiku, shi ne na ce bari yau in zauna in haɗa ta da kaina.

Tun a matakin farko configure, mai duba kwamfuta kafin a haɗa manhaja, ya ce bai san wannan tsari ba, ashe config.guess ɗinsu ne tsoho, wato fayil ɗin da ke gane tsarin da ake kai, na sabunta ya wuce. Sai wajen haɗawa ta tsaya wai ba ta ga socket da connect ba, wato ayyukan da take haɗuwa da intanet da su, su a Haiku suna cikin libnetwork ne daban, na ƙara -lnetwork shi ma ya wuce. Akwai inda aka rubuta hanyar foldar /usr/share kai tsaye cikin kod, alhali nan babu /usr ɗin sam, /boot/system ake da shi kuma yawancinsa ba a rubutu a ciki. Duk wannan kafin azahar na gama.

Abin da ya cinye min yini shi ne bayan ta haɗu. Tana aiki lafiya lau, sai na cire wayar intanet don in ga me za ta yi, kawai ta ce min ta gama saukewa, na buɗe fayil ɗin babu komai a ciki. Na fi awa 3 ina bin kod layi layi, a tsakani aka ɗauke wuta, batirin kuma minti 40 yake yi, dole na jira har bayan la'asar. Da na dawo ne na lura masu manhajar in abu ya lalace suna mayar da -errno, wato lambar kuskure da alamar ragewa a gabanta, sannan su duba ko lambar ta gaza sifili. A Linux hakan daidai ne. Amma Haiku ta gaji wani tsohon tsari mai suna BeOS, lambobin kuskurenta dama can ƙasa da sifili suke, to in ka sake sa musu alamar ragewa sai su koma sama, manhaja ta ɗauka komai ya tafi daidai.

Ni ban ga laifin kowa a nan ba gaskiya. Wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin tsarin da ke yin haka ba, su kuma mutanen Haiku tun 2001 suke wannan aiki, yawancinsu ƴan sa kai, suna ƙoƙarin kada tsofaffin manhajojin BeOS su daina aiki. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ban cire wayar nan ba da haka zan tura, wani ya sauke abu mai muhimmanci ya goge na asali.

Na gyara wurare 7, na fitar da faci, wato fayil ɗin gyare-gyaren, da haikuporter, kayan haɗa manhajojin Haiku, na rubuta recipe ɗin, wato umarnin yadda za a haɗa ta, fayil ɗin hpkg da ake saka manhaja da shi ya fito, na saka shi kuma yanzu tana faɗin kuskure yadda ya kamata. A 64 bit kaɗai na gwada. Gobe in Allah ya kai mu zan gwada na 32, mai tsohon gcc2 ɗin nan da ake haɗa kod da shi, kafin in tura wa HaikuPorts, inda ake tara recipe na manhajojin Haiku, facin errno ɗin kuma zan aika wa masu manhajar su ma.