Yadda Muke Gina Darasin Jami'a Don Ɗalibin Ƙauye

Mu uku ne a wani ɗan shago a wajen Gumel, da kwamfuta biyu da sola a saman kwano. Malamin jami'a zai kawo mana takardun kwas ɗinsa, mu mayar da su darasin da ɗalibi zai bi ta intanet. Aikin ya kankama ne a 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu. A manhajar Moodle muke ɗora darussan, don kyauta ce, kuma ɗalibi yana iya sauke darasi a wayarsa ya karanta ko da sabis ya ɗauke.

Abin da nake fara roƙon malami shi ne ya haƙura da bidiyon awa guda. Yaron da ke biyan kuɗin caji a shago, yana lallaɓa 'yar datarsa, ba zai buɗe shi ba. Mukan yayyanka lacca ta koma sauti na minti shida ko bakwai, kowanne da tambaya ɗaya a ƙarshe.

A kan tambayar nan muka fi ɓata lokaci. In ka ce a kawo ma'anar wani abu, wasu za su kwafo daga littafi, sauran su yi gum. A wani kwas na tattalin arziki sai muka ce kowa ya shiga kasuwar da ke kusa da shi, ko Maigatari ranar Alhamis, ya tambayi kuɗin buhun riɗi ko gero, ya gwada da na lokacin kaka, ya faɗi abin da ya kawo bambancin. Amsoshi suka yi ta shigowa, har wani ɗan dillali yana gyara wa 'yan birni lissafi.

Sai kuma kunya. A babban aji matan aure da masu ganin Turancinsu bai nuna ba ba sa cewa uffan. Mukan raba su biyar-biyar a WhatsApp, a bar su su turo saƙon murya, su yi muhawara da Hausa in ta kama, amsar ƙarshe kawai ake rubutawa da Turanci. Miƙa aiki kuwa sai bayan isha'i, domin da damina da yawansu suna gona har la'asar.

Duk wannan ba ya tsayawa in malami ba ya amsawa. Nakan ce, "Malam, Allah ya ƙara sani, ko layi biyu ne ka mayar, kuma ka kira ɗalibin da sunansa." Wanda ya ce ba shi da lokacin wannan, tun kafin mu yi ciniki nake ba shi haƙuri.