Asabar a gidan Umma

Yau a gidan Umma na wuni. Kuɗin adaidaita daga Kabuga zuwa Gwammaja ya ƙara hawa, ban ma tsaya ciniki ba. Dambu ta yi mana, zogale ya ji, ga ƙuli. Har azahar raina fes.

Auta ne ya dagula min lissafi. Yana kwance ƙarƙashin darbejiya da wayoyi biyu, sai ƙyalƙyala dariya yake shi kaɗai. Na leƙa na ga abin da ya sa a X (tsohon Twitter) da safe, wai duk wanda ya ce wainar Kano ta kama ƙafar masar Bauchi bai san abinci ba. A ƙasa mutane sun yi cincirindo, tun ana maganar waina har an koma zagin iyaye da gorin gari.

Na ce, kai da ko Bauchin ba ka taɓa takawa ba?

Ya ce, "Yaya, mai zagi ma kwastoma ne."

Sai ya tashi zaune ya shiga yi min karatu. Tun watan Yulin 2023 X ya fara raba kuɗi da masu rubutu, amma sai wanda yake biyan kuɗin shuɗin maki, alamar nan da ake sa wa a gefen sunan mutum, kuma rubutunsa ya samu kallo miliyan 5 cikin wata uku. A ƙarshen 2024 aka sauya lissafin, ya koma kan yawan mu'amalar da masu shuɗin maki suka yi da abin da ka sa. Facebook ma ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗi a 2024. Da dala ake lissafi, ga yadda naira ta koma. Ya ce na'ura ba ta san yabo ba, ba ta san ashar ba, ƙirga kawai take yi.

Abin da ya tsaya min a rai, yaron nan ya iya rubutu. Akwai wanda ya taɓa yi kan marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Zama ya yi da marinan, ya bayyana yadda ake haɗa baba da toka da kanwa a rami a bar su su ruɓa, da yadda zane ke fitowa kore-kore sai ya sha iska ya rikiɗe shuɗi. Har hannun dattijon nan ya siffanta, shuɗin da ya kama farcensa ya ƙi fita. Na tuna masa. Ya taɓe baki ya ce wancan ya ci masa kuɗin mota da data, waɗanda suka karanta kuwa ba su cika aji guda ba. Na waina kafin shayinsa ya huce ya rubuta shi.

Ni dai a ganina, idan ka ce wa mai nono da cikar ƙwarya za ka biya ta, kada ka yi mamaki in ka sha ruwa. Kuma ba Auta kaɗai ba ne. Kowa ya koma tambayar da ya san amsarta, ko ya tsokano mata da maza, ko Arewa da Kudu, ko ya kwafi rubutun wani ya manna babu ko kunya. Masu abin faɗa na gaske sun yi shiru, muryarsu ta nutse.

Umma tana tankaɗe tana jinmu. Ta ce, "To kuɗin halal ne?" Ya ce ai ba sata ya yi ba. Ta yi shiru. Na san dalili, maganin hawan jininta na watan nan shi ya saya, ni albashi bai shigo ba. Nan bakina ya yi nauyi.

Da zan tafi na ce wallahi yau sai na shiga na wanke shi tas a bainar jama'a. Ya ce, "Ki shiga mana, Yaya. Amma ke ba ki da shuɗin maki, faɗanki ko kwabo ba zai kawo min ba."

Cunkoso a Ƙofar Ruwa. Na dawo babu wuta. Abban yara ya ce in rabu da shi, yaro ya samu sana'a. Na gobe ma Auta ya riga ya tsara shi, wai mata masu aiki ba su iya tuwo ba. Da ni yake.